Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: A Duba Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Kaduna

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Daga Rigasa nake rubuto maka, inda da wuya mako ya wuce ba mu ji rurin injin haƙa burtsatse ba. Ban ga laifin kowa ba. Famfo ya yi wuya, 'yan garuwa sun yi tsada, mai iyali kuwa dole ya nema wa gidansa ruwa. Abin da ke hana ni barci shi ne na ga an haƙa rijiya taku goma daga sokawen maƙwabci, alhali masana lafiya na ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30. Ba wanda ya zo ya auna, ba wanda ya tambaya.

Ranka ya daɗe, garin nan a kan dutse yake zaune. Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani kogi a ƙarƙashinmu, amma ba haka ba ne. Ruwan damina ne kawai ke nutsewa ya taru a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, galibi ba da zurfi ba. Shi ya sa rijiyoyi ke ƙafewa da zarar Maris ya kama. Shi ya sa kuma abin da muka zubar a sama yake tarar da shi a ƙasa: ruwan masai, baƙin man kanikawa, ƙazantar da ke tsiyaya daga bola. Katangar gida ba ta raba wannan ruwa. Kuma idan ya gurɓata, shekaru ake yi bai gyaru ba, don ba rijiya ɗaya ce za a yashe ba.

Haka abin yake a sama. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa mu, ya wuce Shiroro har ya faɗa Kogin Neja. Kowane lambatu na Tudun Wada, Kakuri ko Kawo, can yake ƙarewa. Fadamun da ke riƙe ruwan sama su shayar da ƙasa a hankali, mun cike su da gine-gine, tsakar gidaje mun shafe da siminti. Sai ruwa ya rasa wurin nutsewa, ya kwarara gaba ɗaya kan mutanen Kigo Road da damina, mu kuma da rani mu rasa na sha.

Ina roƙonka ka sa a yi wa duk mai haƙa burtsatse rajista, kada ya kafa inji sai an duba wurin. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta daina amincewa da gini a bakin rafi da cikin fadama. Hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, kuma ta riƙa ɗibar ruwan rijiyoyin unguwanni tana gwadawa, a sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, domin uwar da ke dama wa jariri koko ta san ko sai ta tafasa ruwan. A fara da Rigasa kafin damina ta sauka.

Wassalam.
Naka, wani magidanci a Rigasa