A daina sa wa tashin ƙiyama rana a gidan rediyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina a kan shirinku na daren Lahadi, inda kuka bar baƙonku ya yi ta razana jama'a da zancen cewa ƙiyama za ta tashi ranar da wani dutsen sararin samaniya mai suna Apophis zai zo kusa da duniya, mai gabatarwa kuwa ban da "na'am, Malam" babu abin da ya iya ce masa.

Gaskiya ne wannan dutse na sararin samaniya zai gifta kusa da duniya ranar 13 ga Afrilu, 2029, kuma ranar ta faɗo Juma'a. Gaskiya ne kuma ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Sa'a ba za ta tsayu ba sai ranar Juma'a. Amma da wace hujja mutum zai ɗinke waɗannan biyun wuri guda, ya fito ya shaida wa talakawa cewa kimiyya da hadisi sun hadu a kan rana ɗaya? Juma'a nawa ce ta zo ta wuce tun daga zamanin sahabbai? Allah Ya faɗa a aya ta 187 ta Suratul A'araf cewa sanin Sa'a yana wurinSa Shi kaɗai, kuma da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW) lokacinta, amsar da ya samu ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Abin da aka ɓoye wa Manzon Allah, ashe baƙonku ne zai gano shi a wayarsa? Ko makwabtanmu Kirista, littafinsu a Matiyu 24:36 cewa ya yi babu wanda ya san ranar ko sa'ar.

Su ma masana kimiyyar da ya laɓe a bayansu ba haka suka ce ba. An gano dutsen a 2004, an kuma ji tsoronsa da farko, amma bayan sake auna hanyarsa a watan Maris na 2021, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa ba zai bugi duniya ba nan da aƙalla shekara 100. Faɗinsa kimanin mita 340 ne, zai kuma wuce da tazarar kusan kilomita 32,000. Ko da ma a ce zai faɗo, barnarsa ta yanki ce, ba irin ranar da za a nannaɗe sammai ba. Duk wannan baƙonku ya tsallake shi domin ba zai tayar da hankali ba.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma ni na ga abin da maganar ta haifar. Washegari wata ɗalibata ƙarama ta tsaya bayan an tashi, ta rungume Alƙur'aninta a ƙirji, hawaye na zuba, tana tambayata ko za ta samu ta yi sauka kafin duniya ta tashi. Gwaggona kuma, wadda ta daɗe tana zubin adashi domin ta gyara ɗakinta da ke yoyo, cewa ta yi me ya rage a gyara. Sai da na zauna na karanta mata hadisin da ya ce idan Sa'a ta zo alhali da dashen dabino a hannun ɗayanku, to ya dasa shi, kafin hankalinta ya kwanta. Haka aka firgita mutane da kalandar mutanen Maya, wata tsohuwar al'umma ta yankin Amurka ta Tsakiya, cewa duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamba, 2012, gari ya waye lafiya, babu wanda ya fito ya ba da haƙuri.

Ba na hana a yi wa'azin alamomin ƙiyama, domin imani da Ranar Lahira rukuni ne na imaninmu. Abin da nake nema shi ne ku gayyato malamin hadisi na gaske tare da masanin taurari daga jami'a, a daidai lokacin da kuka watsa wancan shirin, su gyara wannan ɓarna.

 Layin wayarku ma ba ya shiga, da tun a daren zan faɗi wannan.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Gusau