Bayani kan kuɗin aikin yaɓe da magudanar ruwa na Gobarau

Assalamu alaikum iyaye da yayye da ƙanne. Tunda aka sallami magina ake ta tambayarmu mu ƴan kwamitin aikin a waya da bakin masallaci wai ina kuɗi suka shiga, har akwai masu cewa ai laka aka shafa kawai, to ga bayani, kuma duk rasit na hannun ma'aji, mai son gani ya zo ya gani ba sai ya aiko wani ba.

Abin da aka tara kuɗi dominsa abu biyu ne, yaɓen gindin hasumiyar Gobarau ta birnin Katsina inda ruwa ya zaizaye, da kwata da za ta janye ruwan da ke kwanciya a gefe. Mun nemi izini wurin masu kula da wajen aka ba mu bisa sharaɗin kar a canza kamannin ginin. Kwata kam ba ta ba da wahala ba, an yi an gama, ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin.

Inda maganar take shi ne yaɓe. Mutane da dama sun ce me ya hana a sayi siminti a yi filasta a huta, ai ya fi arha kuma ya fi sauri. Jama'a Gobarau fa ba shagon bulo ba ce. Ginin ƙasa ne mai tsayin kusan mita 15, tarihinsa na komawa zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ana danganta shi da zuwan Shehu Maghili Katsina wajen shekarun 1490. Nan ne masallacin Juma'ar gari a da, nan ake karatu har ɗalibai na zuwa daga nesa, daga samanta ladan ke kiran salla, kuma lokacin yaƙe-yaƙe daga can ake hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba. Masallacin ya tafi, hasumiyar kaɗai ta rage mana, to ita za a lulluɓe da siminti?

Kuma ko an bar zancen tarihi, duk maginin ƙasa ya san siminti ba ya kama jikin ƙasa. Laima ce ke shiga ta bayansa ta rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe ta ruɓe a ciki, daga waje kana ganin bango sumul sai rana ɗaya ɓawon ya ɓallo da naman bangon gaba ɗaya. Wani dattijon magini ya kai mu wani tsohon soro da aka yi wa haka, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa muka ji yana amo kamar ganga, ya sa wuƙa ya ɓanɓare sai ga ƙasa na zubowa kamar gari. Daga nan gardama ta ƙare a cikin kwamiti.

Don haka muka bi yadda aka gada, jar ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawa da ake haɗawa da laka, a kwaɓa a bar kwaɓin ya kwana ya tsima ana juyawa, sannan makuba a sama. Makubar nan ita ce ta fi cin kuɗi, ɓawon ɗorawa ne kuma yanzu ba a samunsa cikin gari sai an shiga ƙauye, ga kuɗin mota ga halin da hanyoyi ke ciki, ga masu iya aikin sun yi ƙaranci dole ka biya su yadda suka faɗa. Sannan sai ga ruwan bazara ya sauko da iska cikin dare yaɓen gabas bai gama bushewa ba, da safe muka tarar ya sulalo ƙasa. Wasu na cewa me ya sa ba a fara da wuri ba, to ai da abin da ya shigo hannu ake aiki, alƙawuran da aka ɗauka tun sanyi wasu sai da zafi ya kama suka cika. Sake wannan ɓangaren da sayen tamfol na rufewa shi ya cinye ɗan abin da muka ware na ko-ta-kwana. Babu ɗan kwamitin da ya karɓi ko kwabo na zama, man mashin ma daga aljihunmu ne.

Godiya ta musamman ga Baba Alhaji da ya hana a faɗi sunansa, ranar da yaɓe ya zube shi ya turo tifar ƙasa da kuɗin magina bai ko jira an roƙe shi ba, Allah ya ƙara buɗi ya jiƙan mahaifa. Haka ƴan uwanmu Katsinawa mazauna Abuja da Legas da Maraɗi, da iyayenmu mata da suka riƙa aiko wa ma'aikata fura da kunu, da samarin da suka yi ta ɗiban ruwa kyauta, Allah ya saka da alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Matakalar hawa ta zaizaye, yara ƴan makaranta na hawa kullum in an kawo su ziyara, kuma ɓangaren sama bai samu yaɓe ba sam, in damina biyu ta ƙara dukansa abin da muka yi a gindi ma zai tashi a banza. Muna so a fara tara makuba tun lokacin ɗorawa kafin ta yi tsada, don Allah mai ƙasa ya kawo ƙasa, mai mota ya ba da aro, mai kuɗi ya ga ma'aji a ba shi rasit nan take. Za a zauna bayan la'asar ranar Asabar, masu ƙorafi ma ku zo da tambayoyinku.