Wasiƙa zuwa ga Rahama kan cukun da ya yi mata yawa

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Rahama,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Na ji saƙonki cewa masu bikin nan sun ɗage, sun bar ki da gurzajjen cuku har kilo 10, mozarela 6 da ceda 4, kuma kin riga kin farke jaka biyu. Kuɗinki bai salwanta ba tukuna, amma aikin na yau ne, kada ki kai shi gobe.

Cukun da aka gurza ba ɗaya yake da dunƙule ba. Dunƙule bayansa kaɗai iska ke taɓawa, wannan kuwa kowane sili a buɗe yake. Da zarar an farke jaka, kwana 5 zuwa 7 ne ƙarshensa a firji, shi ma sai in sanyin bai haura digiri 4 ba. A kan tebur kada ya wuce awa 2, in kuma kicin ya ɗau zafi irin na Madina da rana tsaka, awa ɗaya ce. Jakunkunan da ba ki taɓa ba suna da sauran kwana, don masana'anta kan cika su da iskar da ke hana funfuna. Ki duba ranar da aka buga a jiki. In da nisa, ki bar su a can cikin firji, ba a jikin ƙofa ba. In saura mako ɗaya ko biyu, su ma ki haɗa su da waɗanda za su shiga firiza.

Ki ware kilo ɗaya na amfanin wannan makon, sauran duk firiza, ban da jakunkunan da kika bari a firji. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jefa babbar jaka yadda take. Ranar da aka buƙaci kofi ɗaya sai an narkar da kilo biyu, a ɗiba, a mayar, kuma wannan narkewa da daskarewa ita ke kashe cuku. Ki wanke hannu ki busar sarai, ki ɗauki busasshen cokali, ki auna giram 200 a kowace leda, wato abin da zai ishi fiza ɗaya matsakaiciya. In duka za su shiga, kilo 9 zai ba ki ƙulli 45. Kowace leda ki baje ta, kaurinta kada ya wuce yatsa, ki matse iskar tas kafin ki rufe, sannan ki sa ta cikin wata ledar. Iskar da ta rage ita ke busar da cukun har ya yi fari-fari ya rasa ɗanɗano. Ki rubuta rana da irin cukun a jiki, don in sun daskare sai kin ƙura ido kafin ki bambance su. Daren farko ki shimfiɗa su ɗaiɗai a jikin bangon firiza, sai sun ƙanƙare ki jera su bisa juna. Daskarewa da sauri na barin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, a hankali kuwa manya ne ke fitowa, su farfasa cukun ya riƙa tsatso ruwa. Kuma ki nisanta shi da kifin gishiri irin su kobi da momoni, da bandar kifi. Mai ne a jikinsa, yana shan wari ko ta cikin leda.

A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ki ba kanki wata 2 zuwa 3. Zai wuce haka bai lalace ba, sai dai daɗinsa ya ragu. Ki fara da mozarela, ta fi ceda ruwa.

Sai maganar dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wadda ita ce ta fi damuna. Firiza cike taf tana riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ta ba, mai rabi awa 24, firji kuwa awa 4 kacal. Saboda haka duk gurbin da ya rage ki cika shi da ledojin piya wata su daskare, kuma ki hana yara ɗaga murfi in an ɗauke wuta. In wuta ta dawo ki taɓa ƙulli ɗaya. Da sauran ƙanƙara a ciki, ba komai. Ya saki amma da sanyi kamar na firji, ki dafa shi ranar. Ya yi ɗumi, ki zubar, kada ki ji ƙyashi.

Haka ma funfuna. A dunƙulen ceda ana iya yanke wurin da tazarar santimita biyu da rabi a ci sauran. A gurzajje babu wannan, ɗigon kore ko shuɗi ɗaya ya isa a yar da ƙullin duka. Amma kada farin garin da ke jikin silin ya ruɗe ki, sitaci ne da ake barbaɗawa don kada ya manne. Shi ko'ina yake daidai kuma ba ya wari, funfuna kuwa tsibi-tsibi take fitowa da gashi-gashi.

Cukun da ya sha firiza na wuta ne, ba na salak ba. Don fiza ba sai kin narkar ba: ki buga ledar a tebur ya warware, ki barbaɗa da sanyinsa, tanda ta kai digiri 230 ko fiye don ruwan ya ƙone. Ki sa shi cikin mitfai tare da nama, cikin wainar ƙwai da Indomie, tsakanin yanka biyu na burodi a kasko, ko bisa dafaffiyar doya da dankali da ɗan shito, wato soyayyen yajin nan, a gefe. Sai dai kada ki ɗauke shi kamar wagashi, cukun nan na nonon shanu da Fulani ke yi. Wagashin da ake ɗorawa kan wake da shinkafa ba ya narkewa, shi ya sa ake soya shi a jefa a miya. Gurzajjen naki kuwa in kin jefa a miyar tumatir mai tafasa, ƙasan tukunya zai kama.

Abin da zai ci miki ceda da yawa shi ne farar miyar makaroni. Ki narkar da bota giram 50, ki zuba fulawa giram 50 ki juya minti 2, ki tsiyaya madara rabin lita kaɗan-kaɗan har ta yi kauri. Ki sauke tukunyar tukuna, sannan ki zuba cuku giram 200, hannu ɗaya bayan ɗaya. In ya tafasa a kan wuta, mai zai tashi sama, sauran ya dunƙule kamar danƙo. Mozarela ba ta dace da wannan ba, zare take yi. Ko kuma biskit: fulawa giram 200, bota 100, ceda 150, ɗan barkono, ki murza ki naɗe kamar sanda ki daskarar. Ran da baƙi suka zo ki yayyanka ki gasa minti 12 zuwa 15 a digiri 180.

In kin lissafa kin ga ba za ki cinye cikin wata uku ba, ki sayar wa masu shayi da masu shawarma na unguwa tun yanzu, ƙulli-ƙulli da ƙanƙararsa, ki faɗa musu ranar da kika daskarar. Wanda zai yi nisa da shi ya zo da kula mai riƙe sanyi.

Ki gai da maigidan, ki ce wa yara ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Mahaifiyarki