Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan yadda ake gwada wa ɗalibi abu a aji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki da yaran da aka danƙa miki amanarsu. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, kuma na fahimci abin da yake damunki, wato kina shirya darasi tsakani da Allah, ki yi bayani har muryarki ta dushe, yara su gyaɗa kai su ce sun gane, amma da zarar kin ba su aiki sai ki tarar kamar ba a taɓa yin darasin ba. Na zaɓi in amsa miki a rubuce, domin ki sami abin da za ki riƙa komawa kansa duk lokacin da kika zauna tsara darasi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan ne aka gina koyarwa ta hanyar gwadawa: malami ya yi abin da hannunsa a gaban ɗalibai, suna kallo, yana faɗin abin da yake yi da dalilin yinsa. Hanya ce da muka gada tun daga tushe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai da su yi salla kamar yadda suka ga yana yi, kuma Sayyidina Usman ɗan Affan, da ya so ya koyar da alwala, ruwa ya sa aka kawo ya yi ta a gaban mutane. A Turai, masanin tarbiyya Comenius ya fitar da littafin yara mai hotuna a shekarar 1658 saboda ya yi imani yaro ya kamata ya ga abu kafin a cika masa kunne da sunansa, sannan malami Pestalozzi a ƙasar Suwizalan ya riƙa fara darasi da abin da yaro zai gani ya taɓa. Masanin kimiyya Michael Faraday kuwa, a birnin Landan, da kyandir guda ya koyar da matasa ilimin ƙonewa da na iska, a laccocin da aka buga a 1861. Saboda haka idan kika ɗauki wannan hanya kina kan turbar da aka daɗe ana bi.

Sai dai akwai abin da nake so ki riƙe da hannu biyu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kallo kaɗai ba ya isar da ilimi zuwa zuciya. Yaro yana iya zuba miki ido daga farko har ƙarshe, ya yi mamaki, ya tafa hannu, ya tashi da irin fahimtar da ya shigo da ita. Wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, cikinsu har da Eric Mazur, sun wallafa sakamakon wani nazari a 2004 a kan ɗaliban kimiyyar fiziya. Sun gano cewa waɗanda suka kalli gwaji a zaune kawai ba su fi waɗanda ba su gan shi ba sam fahimtar dalilinsa, amma waɗanda aka sa su faɗi abin da suke tsammanin zai faru kafin a yi gwajin sun fi fahimta a bayyane. Idan haka ta faru ga ɗaliban jami'a, to yaranki sun fi buƙatar a motsa tunaninsu kafin idonsu.

Bari in nuna miki da darasin faɗowar abubuwa, wanda ba ya buƙatar komai sai littafi mai kauri da takarda guda da ta ɗan fi bangon littafin ƙanƙanta. Ki ɗaga littafin a hannun dama, takardar a hagu, daidai da juna, amma kada ki saki. Ki tambaye su wanne zai riga isa ƙasa, kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa a cikin littafinsa, domin wanda ya rubuta ba zai iya cewa daga baya ai dama ya sani ba. Sannan ki saki. Littafin zai faɗi nan take, takardar ta yi ta lilo a iska, aji kuma ya ce ai mai nauyi ya fi sauri. Kada ki gyara musu tukuna. Ki ɗora takardar a saman littafin yadda ba za ta leƙo ta gefe ba, ki sake tambaya, su sake rubutawa. Mafi yawansu za su ce littafin zai tafi ya bar ta a sama. Idan kika saki, tare za su sauka. A wannan lokaci ne ajin zai yi tsit, kuma a nan ne darasin yake farawa, domin yanzu akwai tambayar da ta dame su da kansu. Ki dunƙule takardar a hannunki, ki tambaye su ko nauyinta ya ƙaru, su ce a'a, ki sake ta tare da littafin su ga sun sauka kusan lokaci guda. Da 'yar jagora daga gare ki za su kai da bakinsu ga cewa iska ce take tare takardar, kuma littafin ya kare ta daga iskar ne lokacin da take samansa. Bayan sun kai nan, sai ki ba su labarin David Scott, ɗan sama-jannatin da ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971, inda babu iska, suka isa ƙasa tare. Idan kika fara da labarin, kin ba su amsa kafin su ji ƙishirwarta.

Game da shiri, kada ki taɓa yin gwaji a gaban yara wanda ba ki yi shi ke kaɗai ba tukuna, da ainihin kayan da za ki yi amfani da su. Ki je ƙarshen aji ki zauna a kujerar yaron da ya fi kowa nisa, ki duba ko yana hango hannunki, domin abin da na baya bai gani ba, ba a koya masa shi ba. Idan aikin hannu ne, kamar riƙon alƙalami ko ƙulla igiya ko ɗora ma'aunin kusurwa a kan layi, ki juya ki fuskanci inda suke fuskanta, saboda idan kina kallonsu, damanki hagunsu ne, ƙananan yara kuwa suna rikicewa a nan ba tare da sun iya faɗin abin da ya rikita su ba. Duk abin da ya haɗa da wuta ko sinadari ko gilashi, ki sa tazara tsakaninsa da sahun gaba, ruwa kuma yana kusa. Idan gwajin ya ƙi yi duk da shirinki, kada ki ɓoye, kada kuma ki ce musu su yarda kawai cewa da haka zai kasance. Ki tambaye su me suke ganin ya hana, ku bincika tare, domin wannan ma kimiyya ce.

Abu mafi wuya ga wanda ya iya aiki shi ne ya yi shi a hankali. Hannunki ya saba, yana tsallake matakan da ke kanki ba kya ganinsu kuma, alhali a waɗannan matakan ne yaro yake tuntuɓe. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda idan sababbi ne, kuma masanin ilimin koyo John Sweller ya nuna tun cikin shekarun 1980 cewa mai fara koyo ya fi amfana da misalin da aka warware masa mataki mataki a kan a jefa shi cikin matsala ya nemi mafita shi kaɗai. Ɗauki ɗebe 27 daga 52. Yaro da yawa zai rubuta 35, saboda a kowane layi yana ɗebe ƙaramin adadi daga babba, kuma ko sau goma kika ce a ari ɗaya, maganar ba ta da ma'ana a wurinsa. Ki kawo tsinkaye, ɗauri biyar na goma goma da guda biyu a sake. Ki faɗi tunaninki da ƙarfi: ina son in cire bakwai, amma biyu kawai nake da su a sake, to me zan yi? Ki kwance ɗauri ɗaya a gabansu, su ga ɗauri ya koma huɗu, na sake sun zama goma sha biyu. Ki cire bakwai, biyar su rage, ki cire ɗauri biyu, biyu su rage. Sai ki rubuta kowane mataki a allo daidai lokacin da hannunki yake yinsa, domin yaro ya gane cewa ƙaramin ɗayan da ake rubutawa kusa da biyu shi ne ɗaurin da aka kwance.

Daga nan aikin ya fara barin hannunki. Ki yi na biyu kina tambayarsu abin da za ki yi a gaba, ba kya motsa tsinke sai sun faɗa. Na uku yaro ɗaya ya fito ya yi, sauran suna duba shi. Sannan kowa ya yi nasa, kina zagayawa tsakanin kujeru kina leƙa littattafai. Masu binciken koyarwa Pearson da Gallagher sun bayyana wannan tsari na miƙa nauyi sannu a hankali daga malami zuwa ɗalibi a 1983, kuma Barak Rosenshine, wanda ya tattara halayen malaman da ɗalibansu suka fi cin nasara, ya ba da shawarar a nemi kusan kashi 80 cikin 100 na amsoshin yara su zama daidai a lokacin da ake yi tare, kafin a bar su su kaɗai. Idan rabin aji suna kuskure, kin yi saurin sakin hannu, sai ki dawo ki sake gwadawa da wani misalin. Ina ganin a wannan gaɓa ce matsalar da kika ambata take, domin tambayar kun gane ba ta auna komai. Yaro mai kunya zai ce e, wanda bai san bai gane ba shi ma zai ce e.

Ba kowane darasi ne ake gwadawa ba, kuma ba na so ki raina sauran hanyoyin. Bayani da baki yana da wurinsa, musamman a tarihi da adabi, muddin gajere ne, an tsara shi, kuma ana tsayawa a ji abin da ya shiga. Tambaya da amsa kuwa ita ce abokiyar kowace hanya, kuma a kanta ina da shawara guda da za ki iya fara aiki da ita gobe. Mai binciken koyarwa Mary Budd Rowe ta yi nazarin azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai suna jiran kusan daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Ki yi tambayar, ki yi shiru, sannan ki kira suna. Idan kika fara kiran suna, sauran sun huta da tunani.

Aikin rukuni yana da amfani idan yaran sun riga sun sami abin da za su tattauna a kai, rukunin bai wuce mutum uku ko huɗu ba, kuma kowa ya san za a iya tambayarsa shi kansa. In ba haka ba, mai ƙoƙari ɗaya zai yi aikin, sauran su sa suna. Hanyar barin yaro ya gano abu da kansa ana yaba ta ƙwarai a kwalejojin horar da malamai, ni ma ina ganin darajarta, amma ra'ayina shi ne a ajiye ta sai bayan an kafa tushe, domin yaron da ba shi da komai a hannu ba ya gano komai sai ruɗani, kuma raunanan aji su ne suke fara shan wahalarsa. Kada kuma ki manta da bita. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, don haka minti biyar na farkon kowane darasi ki ba da su ga tambayoyi a kan na jiya da na makon jiya, littattafai a rufe.

Abin da nake roƙonki shi ne ki zaɓi darasi ɗaya daga cikin na mako mai zuwa, wanda kika san yara sun saba faɗuwa a kansa, ki rubuta matakansa duka har waɗanda kike ganin ba sai an faɗa ba, ki shirya tambayar da za su amsa a rubuce kafin ki taɓa kayan gwajin, ki kuma ware rabin lokacin domin su yi da hannunsu. Bayan kwana biyu ki ba su aiki makamancinsa ba tare da sanarwa ba, ki ajiye takardun, ki rubuto mini irin kurakuran da kika gani domin mu duba su tare.

Allah ya yi miki albarka, ya sanya albarka a cikin aikinki da ɗalibanki.

Wassalam,
Mahaifinki.