Wasiƙa daga Missouri: maganar da ta kayar da Todd Akin

St. Louis, 12 ga Nuwamba, 2012

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Ka nemi in ba ka labarin zaɓe. Nasarar Obama kam ka riga ka ji a rediyo. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaɓen sanata na jihar nan tamu ta Missouri, don wata uku ke nan ba a da zance a garin nan sai shi.

Akwai wani ɗan majalisar wakilai, Todd Akin, na jam'iyyar Republican, wanda yake majalisa tun 2001. Bana ya ci zaɓen fidda gwani ya fito neman kujerar Sanata Claire McCaskill ta jam'iyyar Democrat, kuma kowa ya ɗauka zai kayar da ita, don jihar ta karkata ga jam'iyyarsa. Ranar 19 ga Agusta wani gidan talabijin na garin nan, KTVI, ya nuna hirar da ya yi da shi. An san shi da adawa da zubar da ciki, sai aka tambaye shi: to idan fyaɗe aka yi wa mace fa, a yi mata togaciya? Ya ce yadda ya ji daga likitoci, da wuya a ɗauki ciki ta wannan hanya, wai in fyaɗen na gaskiya ne, jikin mace yana da hanyar da zai hana cikin shiga. Ya ƙara da cewa in ma cikin ya shiga, a hukunta wanda ya yi fyaɗen, kada a taɓa jaririn.

Kafin gari ya waye maganar ta game ƙasa. Obama ya ce fyaɗe fyaɗe ne. Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Akin ɗin, ya yi tir da kalaman, daga baya ya ce masa ya janye daga takara. Kwamitin jam'iyyar mai tallafa wa 'yan takarar sanata ya ce ya janye kuɗinsa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa maganar ba ta da tushe a likitance, kuma tana da haɗari. Aka tono wani bincike na 1996 da ya ƙiyasta cewa cikin mata 100 masu shekarun haihuwa da aka yi wa fyaɗe, kusan 5 kan ɗauki ciki, wato wajen ciki 32,000 a shekara a ƙasar. Abin takaici, mutumin nan yana cikin kwamitin kimiyya na majalisa. Ya fito a talabijin ya nemi gafara, ya ce kalmomin ne ya yi kuskuren zaɓa, amma ya ƙi sauka.

Ka san ni, zubar da ciki ba abin da nake ɗauka da wasa ba ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta an tsananta ƙwarai, ko da cikin bai kai kwana 40 ba, ko da yake wasu malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 in akwai uzuri mai ƙarfi. Da Akin ya tsaya a kan cewa rai rai ne ko ta yaya aka same shi, da na ce ra'ayi ne mai nauyi, a zauna a yi muhawara. Amma duba inda maganarsa ta dosa. In jikin mace yana hana ciki idan fyaɗen na gaske ne, to duk wadda ta zo da ciki ta ce an yi mata fin ƙarfi, cikin da ke jikinta ya zama shaidar ƙarya take yi. An zalunce ta, sannan mai neman ikon rubuta doka ya ce mata da yardarta aka yi. Wallahi wannan ne ya ƙona mini rai. Kai ma ka san irin tambayoyin da ake jefa wa yarinya a gida in abin ya faru: me ya kai ki can, me ya hana ki ihu. Har iyaye su gwammace a rufe maganar don gudun abin kunya, mai laifin yana yawonsa a unguwa.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Baturiya ce, ba ta fashin coci, kuma kowace shekara tana zuwa gangamin adawa da zubar da ciki. A nan al'ada ce mutum ya kafa ɗan allo mai sunan gwaninsa a ciyawar ƙofar gida. Nata na Akin ne. A makon da abin ya faru na ga ta tuge shi ta jingina a bayan kwandon shara. Na gaishe ta, ita ta fara kawo zancen. Ta ce ra'ayinta kan zubar da ciki yana nan daram, amma tana da jikoki mata, ba za ta aika mutumin da yake tunani haka ya wakilce su ba. Allon Romney kuwa ta bar shi a kafe har ranar zaɓe.

Irinta suna da yawa, alƙaluma sun nuna. Ranar 6 ga wata Romney ya ci Missouri da tazarar kusan kashi 9 cikin 100, amma Akin ya tashi da kashi 39, McCaskill tana da wajen 55. Ka ga dubban mutane sun dangwala wa jam'iyyarsu a saman takardar ƙuri'a, wajen zaɓen shugaban ƙasa, da suka iso kan sunansa suka tsallake.

A jihar Indiana ma an yi makamancin haka, kuma wannan ya fi ba ni wahalar tunani. Ɗan takarar sanata na Republican a can, Richard Mourdock, ya faɗa a muhawarar 23 ga Oktoba cewa ko da rai ya samu ta mummunar hanyar fyaɗe, abu ne da Allah ya nufa ya faru. Shi ma aka yi masa ca, ya sha kaye a hannun Joe Donnelly. Wasu 'yan'uwa a masallacinmu suka ce ai wannan ƙaddara ce ya faɗa, me ye laifinsa? Na yarda babu abin da ke faruwa ba da ikon Allah ba, wannan imaninmu ne. Sai dai malamanmu sun koya mana cewa Allah ya ƙaddara abu daban, ya yarda da shi daban, kuma ba ya yarda da zalunci. Ƙaddara abin da wanda musiba ta sama yake rarrashin zuciyarsa da shi ne. Ɗan siyasa ya ɗauko ta a dandalin neman ƙuri'a, ya mayar da ita hujjar dokar da zai ɗora wa yarinyar da bai taɓa gani ba, wannan ban gamsu da shi ba. Ban zargi Mourdock da mugun nufi ba, na ga alamar abin da ke zuciyarsa ya faɗa. Amma ban ji inda ya ce ga wanda zai riƙe yarinyar wata tara, ga wanda zai ciyar da abin da ta haifa ba.

Ina so ka yi mini wani abu. Tunda matarka tana aikin unguwarzoma a asibiti, ka tambayar mini ita abin da ake yi wa yarinyar da aka kawo a irin wannan hali tun daga ranar farko: ko ana ba ta maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da na kariya daga cutar ƙanjamau, kuma wa yake biya. Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, saboda haka kwanakin farkon nan su ne kusan duk abin da yarinya take da shi. Ka rubuto mini abin da ta ce.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida maiɗakinka da yara. Mutanen gidana suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini