Wasiƙar Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Maganar Rabi Da Kwata

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yaranmu. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Takardun gwajin tsakiyar zango sun iso muku, kuma wanda ya duba na 'yan aji biyar da aji shida ya ga inda aka yi faɗuwa: lissafin kaso, musamman inda cikakkiyar lamba ta zo tare da rabi ko kwata. Abin ya dame ni ƙwarai. Yaron da za a aika kasuwa ya sayo shinkafa kwano biyu da rabi, ya dawo da canji daidai, shi ne aka rubuta masa 2½ a takarda ya tsaya yana kallonta. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Bai gane cewa abin da ke kan takardar shi ne abin da yake yi a gaban mai awo ba.

Kuskure biyu muka fi gani. Na farko, a ce su haɗa ½ da ¼, sai su tara na sama, su tara na ƙasa, su rubuta 2/6. To rabin kilo na nama da kwata, ya za a yi su koma ƙasa da rabi? Rabi kwata biyu ne, a ƙara ɗaya, kwata uku ke nan. Na biyu, mantawa da guntun. A ce kwanon wake ₦3,600, ana son biyu da rabi: sai yaro ya rubuta ₦7,200 ya ajiye biro, ya bar ₦1,800 na rabin, alhali amsar ₦9,000 ce.

Dole in yaba wa malamar aji biyar. Da kuɗinta ta sayo gero, ta aro kwano da rabin kwano, ta kawo kwalaben mai, ta mai da ajinta kasuwa. Na shiga na tarar ana musu a kan kwalba 1¾ da kwalba 2½ na man gyaɗa, har wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tashi ta ce kwata uku da kwata biyu sun cika kwalba ɗaya har da ragowar kwata, don haka huɗu da kwata. Allah ya saka wa Malama da alheri. Sauran malamai sun ji abin da na faɗa a taronmu.

Yanzu saura naku. In za ku aiki yaro cefane, kada ku ba shi kuɗi kawai. Ku tambaye shi tun a gida: nawa zai kama, nawa ne canji? In ya dawo ya rubuta a littafinsa. Iyaye mata, in za a auna garin tuwo ko a raba mudun sukari gida uku, ku kira shi ya auna, ya faɗi sunan kason. Kuma don Allah a daina miƙa musu waya su danna. Masu yi wa yara aikin gida kuwa, muna gane rubutun manya, kuma ba za ku shiga ɗakin jarrabawar shiga sakandare tare da su ba.

Wani uba ya ce mini wannan lissafin boko ne. Ai rabon gado da rabi, rubu'i (kwata), sumuni (ɗaya cikin takwas), sulusi (ɗaya cikin uku) da sudusi (ɗaya cikin shida) ake yinsa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, zakkar amfanin gona kuma ushuri ce (ɗaya cikin goma) ko rabin ushuri. Wanda bai iya haɗa rabi da kwata ba, yaya zai yi da waɗannan?

Za a sake gwajin kafin jarrabawar ƙarshen zango.

Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar bayan La'asar. Waɗanda ba su zo na baya ba sun san kansu. An gyara rufin aji uku, mun gode wa waɗanda suka taimaka. Ana rufe ƙofar makaranta ƙarfe 8:00 na safe, ba za a ƙara buɗe wa ɗalibai masu latti ba.

Wassalam,
Shugaban Makaranta