A ba duwatsun sama ko da minti goma a rediyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da roƙo. Makon jiya wani saƙon murya ya karaɗe WhatsApp a unguwarmu cewa wani ƙaton dutse zai faɗo wa duniya. Hajiyarmu ta kwana da carbi a hannu, da asuba ta sa jikanta ya kira ni, wai tunda ni malamin makaranta ne in faɗa mata gaskiya. Na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin dutse guda ɗaya, Vesta, kuma shi nake so masu sauraronku su ji.

Wani likita Bajamushe, Heinrich Olbers, shi ya gano shi a birnin Bremen ranar 29 ga Maris, 1807. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare ya hau saman gidansa da madubin hangen nesa. Vesta shi ne na huɗu da aka gano a cikin dubban duwatsun da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mars da Jupiter. Faɗinsa kusan kilomita 525, ya fi tafiyar Kano zuwa Abuja. Yana shekara uku da wata bakwai da 'yan kwanaki kafin ya zagaye rana sau ɗaya, yana kuma juyawa a kan kansa cikin awa biyar da minti ashirin. Abin da ya kwantar wa Hajiya da hankali shi ne hanyarsa sananniya ce, an lissafa ta tsaf, kuma ba ta ratsa tamu.

A 2011 kumbon Dawn na hukumar NASA ta Amurka ya isa wurinsa, ya yi fiye da shekara yana kewaya shi. Hotunan sun nuna wani makeken rami a kudancinsa, Rheasilvia, faɗin kusan kilomita 500, da tsauni a tsakiya wanda ya ninka Everest tsawo. Wani dutse ne ya taɓa dukansa a can da daɗewa, kuma ɓaraguzan da suka fallatsa wasu sun faɗo nan duniya, masana na riƙe da su a ɗakunan bincike. Subhanallah.

Kar a ce abin na Turawa ne. A 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars ya fito. Ɗalibaina babu wanda ya taɓa jin wannan, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Mu da muka tashi ana nuna mana Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta daga tsakar gida, yau yaranmu ba sa ɗaga kai sai an ɗauke wuta.

Don Allah ku ware ko da minti goma a mako, ku gayyato malaman kimiyya daga Jami'ar Bayero su yi bayani da Hausa. Vesta ya fi duk 'yan'uwansa haske, wani lokaci ana ganinsa da ido kawai idan sama ta washe babu hazo. Ku riƙa sanar da mu daren da zai fi fitowa, zan kwashi ɗalibaina mu fita bayan gari, can wajen Dawakin Tofa inda babu fitilu.

Wassalam.
Mai sauraronku a kullum,
Wani malamin makaranta, Gwale, Kano.